Kwale-kwale a Fuskar Sule

Wunti, Bauchi

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ki Abuja lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki. Na ba mamanki takardar nan ta saka miki a jaka, don na san in na miƙa miki hannu da hannu a gabana za ki buɗe, ni kuwa ba zan iya zama ina kallonki kina karanta ni ba. Sunan mahaifiyata gare ki. Akwai maganar da bakina yake jin nauyin faɗa miki, sai dai alƙalami ya ɗauke masa.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Kamfanin nan da ya kira ki gwaji, masu buga sulallan ajiya, irin waɗanda ba a sayen ko gishiri da su sai dai masu sha'awa su saya su adana, sun ce ki zo musu da zane ɗaya na sulen Bauchi. In ya burge su aiki ya zama naki, in bai burge su ba ki dawo gida. Kika kawo mini zane biyu shago, kika shimfiɗa a kan tebur, kika ce, "Baba, wanne zan kai?" Na ce ki ba ni lokaci. Na ga yadda kika dube ni, kin ɗauka ban sani ba ne. Na sani tun kallon farko. Shekarun da na yi ina sassaƙa hatimi da lambobin yabo a layin nan sun fi shekarunki na duniya, kuma ko da yake an ce yabon kai jahilci, har yau ban ga wanda ya fi ni ido a Wunti ba. Amma in na nuna miki da yatsa kawai na ce wannan, gobe in aka ba ki wani aikin sai kin sake neman mai nuna miki. Gara in nuna miki inda na yi tuntuɓe, ki san duwatsun hanya da kanki.

Zanenki na farko babu abin da kika bari. Ga giwar Yankari, ga ƙofar gari, ga dutse a baya, ga zangarniyar masara, ga saniya, ga buɗaɗɗen littafi, an shafe ƙasan da kore, an zagaye bakin da ruwan zinariya. Mamanki tana ganinsa ta ce shi ne mai cika ido. Na biyun kuwa kwale-kwale ne guda ɗaya can ƙasa-ƙasa, da masunci a tsaye riƙe da gora, sauran fuskar sulen duk fili, kika ce filin shi ne ruwan madatsar Gubi. Kika ce mini wasa kike yi da kika zana shi, kina zaune kina jiran motar makaranta. Kika ce kina tsoron in kin kai shi za su ce raggon aiki ne.

To saurara ki ji yadda aikin ƙwazo ya yi da ni.

Kina goye a lokacin. Wata ƙungiyar 'yan kasuwa za ta yi bikin cika shekaru, suka ba ni aikin lambar da za a rataya wa dattawansu. Shi ne babban aiki na farko da ya shigo hannuna tun da na bar gaban maigidana na buɗe shagon kaina. Na zana musu mudu cike da dawa har tana zuba, ba wani abu. Kowane ɗan kasuwa ya san mudu, kuma kowa ya san abin da cikakken mudu yake nufi. Na kai musu wurin taron kwamiti ina taƙama.

Ciyaman, wani Alhaji Ɗanjuma, tela ne, ya juya takardar ya ce, "Malam Isa, aiki ya yi kyau, Allah Ya yi albarka. Amma ina mu teloli?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mudun ai na kowa ne."

Ya ce, "Haba, ɗan keken ɗinki a gefe ai ba zai gagare ka ba."

Kafin in buɗe baki mahauci ya ce in dai an sa keke to a sa wuƙa. Mai kayan miya ya ce attarugu. Mai goro kuwa ya ajiye goro ɗaya a kan takardar ya dube ni. Dukkansu sa'o'in mahaifina ne, wasu da hannunsu suka ba ni alawa ina yaro. Ta ina zan fara ce musu a'a? Na ce to, na ce to, na ce to, har na fito da takarda cike kamar rumfar ɗan koli. Na yi aikin da zuciya ɗaya, na sassaƙa kowane abu dalla-dalla, idona har ruwa yake yi. Ranar biki aka rataya wa wani tsoho tasa, ya ɗaga ta saitin idonsa, ya juya ta, ya juyo wurin na kusa da shi ya ce, "Wai wannan kaza ce ko keken ɗinki?" Ina tsaye a bayansa. Aka tuntsire da dariya, har da Alhaji Ɗanjuma, kuma babu wanda ya tuna shi ne ya ce a sa keken. Sunana aka tuna.

Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, Ummi. Fuskar sule ba ta kai tafin hannun jariri ba, magana ɗaya take iya ɗauka. Kuma ki sani kwamiti yana jiranki a Abuja, sai dai can da kwat za su zo ba da babbar riga ba. Kowa zai so ya ga ɗan yatsansa a aikin. Ki gaishe su da ladabi, ki rusuna inda ake rusunawa, haka muka tarbiyyantar da ke. Amma kunyar ta tsaya a gaisuwa, kada ta bi ki har kan takarda. Ba kuma gardama nake ce miki ki yi ba, babba ba ya son yarinya ta kayar da shi a gaban mutane. Dabarar da na koya daga baya ita ce in yi wa mutum abin da ya ce, in fitar da shi daidai girman da za a buga, in ɗora masa a tafin hannu tare da nawa, in yi shiru. Gani ya kori ji. Sau da yawa shi da kansa zai ce a cire, har ya ƙara da cewa dama ya faɗa.

Maganar girma kuwa, nan ma na sha kashi, kuma ke kin fi ni shiga haɗari. Ni a kan kwali nake zane, faɗinsa kamar faifai, ina ƙawata gashin gemu da zaren hula, sai an zo kan tagulla komai ya cakuɗe. Ke kuwa kwamfutar nan taki tana faɗaɗa miki gashin idon giwa har ya kai tsintsiya, ki zauna kina gyara shi yini guda, alhali a kan sule ko mai madubin ƙara girma ba zai gan shi ba. Ranar da kika zo ina kallonki kina jan hoton da yatsu biyu kina cewa, "Baba dubi nan." Na duba, ya yi kyau. Amma mai sayen sule ba zai ja shi da yatsu biyu ba.

Kakarki Inna, wadda kika ci sunanta, idonta ya yi rauni tun ina saurayi, amma ba a taɓa cutarta a canji ba. Babban yatsanta take ɗorawa. Anini da kwabo ga huda a tsakiya, sisi ɗan ƙarami, taro ga kusurwoyi, sule kuwa tana jin bishiyar da ke jikinsa. Mutanen da suka zana waɗannan kuɗi ban san su ba, amma sun san hannu zai riƙe abin kafin ido ya gan shi. Na ajiyar nan na yanzu, da yawansu in kika rufe ido kika shafa ba za ki ji komai ba sai santsi, hoto ne aka manna wa ƙarfe. Duk abin da kika zana, ki tambayi kanki me yatsa zai ji. Ina ya tashi, ina ya kwanta. In yatsa bai sami labari ba, to takarda kika yi wa zane, ba ƙarfe ba.

Tunda na ambaci Inna, bari in faɗa miki wanda ya fi yi mini ciwo. Bayan rasuwarta na sami gwangwanin da take tara tsofaffin sulalla, waɗanda aka daina karɓa amma ta ƙi rabuwa da su. Duk sun yi baƙi. Abokina Bitrus, mai injin buga takardu a bayan shagona, wanda kike kira Baba Bitrus, ya ce yana da wani masani a Jos mai tara irin waɗannan, zai kawo shi ya gani. Ba sayarwa zan yi ba, so nake a yaba. To a gidanmu kin san ba a nuna wa baƙo tukunya da baƙi. Na samo toka da lemon tsami da soson ƙarfe, na zauna a tsakar gida na dirje su ɗaya bayan ɗaya har suna ɗaukar ido. Mamanki ma ta taya ni, tana cewa yanzu suka zama kuɗi.

Mutumin ya zo, na zube su a kan farin ƙyalle. Ya ɗauki ɗaya ta gefe-gefe, ya daɗe yana dubawa, ya ajiye a hankali. Ya ce, "Malam, wa ya yi musu wannan aiki?"

Na ce, "Ni ne da hannuna."

Ya ce, "Allah Sarki. Ka kankare musu shekarunsu."

Bitrus ya kama kai ya ce, "Kai Isa, wane ne ya ce maka ka wanke su? Ai wannan baƙin shi ne kayan."

Sai a lokacin na duba da idon sana'ata. Baƙin nan da ya kwanta a lungunan zane shi ne yake fito da ganyen bishiyar, shi ne inuwarta. Da na kankare shi komai ya zama fari fat, ga kuma zanen soso ko'ina. Garin neman gira na rasa ido. Abin da ya fi damuna ba maganar mutumin Jos ba ce. Baƙin nan gumin hannun Inna ne da hayaƙin ɗakinta, na sa toka na goge da kaina. Har yau in na buɗe gwangwanin raina yana ɓaci.

Don haka ƙyalli ba ya ruɗa ni, kuma kada ya ruɗe ki. Bitrus yana nuna mini sulallan zamani a wayarsa, wasu da fenti kala-kala, wasu da ruwan zinariya, wasu har da ɗan dutse mai walƙiya a tsakiya, kowanne a cikin akwatinsa kamar amarya. Akwai masu kyau a ciki, ban hana ba, injinan yanzu suna yin abin da ko a mafarki hannuna ba zai yi ba. Amma da yawa akwatin ya fi abin da ke ciki. Ki ɗauki zanenki na farko ki cire koren, ki cire zinariyar, ki bar shi ƙarfe tsirara, sannan ki duba abin da ya rage. Zane mai kyau haske da inuwa sun ishe shi. Fenti yana ɓarewa, kuma mai ajiya don jikokinsa yake ajiyewa.

Akwai kuma wata wautar da na yi, wannan dariya take ba ni. Wani ya kawo mini littafin hotunan lambobin ƙasar waje, na ga kusan kowace an zagaye ta da wani ganye, na ce lallai haka manyan aiki suke. Na dinga kwafa shi ina sa wa kowa, 'yan ƙwallo da 'yan makaranta da masu ritaya. Har aka ba ni lambar gasar manoma, na zagaye ta da shi. Wanda ya ci na ɗaya, wani dattijo daga wajen Gubi, ya biyo ni har shago ya ce, "Malam, ganyen nan na wace bishiya ce? Ana miya da shi?" Ban san sunanta ba, ban taɓa ganin bishiyar ba. Ga zogale a bayan gidana, ga kuka, ga ɗorawa, ga tsamiya, na tsallake su duka na je aro. Tun daga ranar ban sake sassaƙa abin da ban taɓa riƙewa ko tsayawa a gabansa ba. Ke ma ki faɗa wa kanki gaskiya. Giwar nan taki a waya kika gan ta. Masuncin kuwa shekara da shekaru kina wuce shi, kin san yadda yake karkata in zai tura gora, shi ya sa bayansa ya fito kamar zai motsa.

Sauran nasihar zaman duniya mamanki ta yi miki har ta maimaita, ba zan ƙara miki kaya ba. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci, don na san halinki, in kika sa ido a kwamfuta sai hanjinki ya yi ƙara kafin ki tuna da shi. Gwaggonki da za ki zauna a wurinta tana da faɗa, amma faɗan nata ba ya kwana, ki yi mata wanke-wanke ki bar ta ta yi ta yi. In an yabe ki a ofis ki ce na gode, kada ki ce ai ba komai, don aikinki komai ne. In an gyara miki ki duba gyaran kafin ki duba fuskar mai gyaran. Ki dinga kiran mamanki ko ba ki da labari, ita muryar take so.

Yanzu ga amsarki. Kwale-kwalen za ki kai. Ba na shakka ko kaɗan.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai na faɗa miki yadda na ƙara tabbatarwa. Da kika bar mini takardun, na ce bari in gwada shi a ƙarfe, in ba ki ki tafi da shi a jaka ki nuna musu. Bayan azahar na yanko tagulla daidai girman sule, na goge fuskarta har ina ganin kaina, na sa tabarau na zauna. Kwale-kwalen bai ba ni wahala ba, masuncin ma ya fito, gorarsa ta miƙe. Na ajiye kayan aiki na duba. Ya yi kyau, Ummi, ya yi kyau ƙwarai. Filin nan da kika bari ya ɗauki hasken ƙofa ya zama ruwa sosai, in na karkata shi sai in ga kamar jirgin yana tafiya.

Sai na ci gaba da kallon filin. Wani abu ya ce mini ya yi yawa, mutane za su ce ba a gama ba. Na ce bari in sa 'yar igiyar ruwa ɗaya a ƙarƙashin jirgin, ɗaya tak. Na sa. Sai ta zama ita kaɗai kamar kuskure, na ƙara mata 'yar'uwa. Na ga sama ta yi wayam, na sa tsuntsu. Kafin la'asar na sa dutse a can baya da rana tana leƙowa. Bitrus ya shigo aron magagari, ya ɗauka ya duba, ya dubi takardarki, ya ce, "Na yarinya ya fi." Ya ɗauki magagarin ya fita.

Babu Alhaji Ɗanjuma a shagon, babu kwamiti, babu wanda ya ce in ƙara komai. Ni kaɗai ne da hannuna. Ni da na cika miki takarda da wa'azin a rage kaya, na kasa barin ruwan nan ya kwanta na yini ɗaya. Ashe tsoron da kike ji, na kada a ce raggon aiki, shi nake ɗauke da shi tun ina saurayi, na dai iya ɓoye shi da surutu. Ni na san dokar, sai da na sha wuya na haddace ta. Ke kuwa kina zaune kina jiran mota kika aikata ta, kika ɗaga alƙalami a daidai inda ya kamata, ba wanda ya ce miki tsaya. Wannan ba koyarwata ba ce, kyauta ce daga Allah, kuma ta fi duk abin da ke cikin shagona. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Ke kin gaje ni kin wuce, kuma ban taɓa jin daɗin an kayar da ni ba sai a wannan karon.

Tagullar ba zan ba ki ba, ta lalace. Ki tafi da takardarki yadda take. A mota za ki ciro ta ki duba, zuciyarki za ta ce ki ƙara wani abu, a ɗakin gwaggonki ma za ta sake cewa, haka in kin ga na sauran masu gwajin cike da kaya. Kada ki taɓa. In suka tambaye ki ina sauran zanen, ki ce ruwa ne, ki yi shiru. Ina da yaƙinin za su ɗauke ki. In kuma suka zaɓi mai tarkace, to ba su san sule ba, kuma zama a ƙarƙashin wanda bai san aiki ba ya fi rashin aikin ciwo. Ki dawo ba tare da sunkuyar da kai ba, za a sami masu ido.

Mamanki tana gaishe ki, ta ce har yanzu ita dai mai giwar ta fi so, na ce mata shi ya sa ba ita aka kira gwaji ba. Baba Bitrus yana gaishe ki, ya ce zai sa ki a addu'a. Allah Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya kare ki daga mugun ji da mugun gani, Ya haɗa ki da iyayen gida masu adalci, Ya sa ki fi ƙarfin zuciyarki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Allah Ya yi wa hannun nan naki albarka, Ya bar shi da sanin inda zai tsaya, abin da na ubanki bai sani ba har ya tsufa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isa Maƙeri